Shekarar Share Fage: Yadda Na Yi Podfak Daga Maradi Zuwa Kazan

Duk ɗan ƙasar waje da zai karanci injiniyanci a Rasha da harshen Rashanci, alhali bai iya harshen ba, sai ya fara yin shekara guda a sashen share fage kafin a rubuta sunansa cikin ƴan aji ɗaya na jami'a. Can ana ce wa sashen podfak. A nan Maradi mutane da yawa sun ɗauka shekarar koyon gaisuwa da cinikin burodi ce, shi ya sa tun da na zo hutu iyaye ke tambayata ko akwai hanyar da yaro zai tsallake ta. Ni na yi ta daga ƙarshen 2023 zuwa damanar 2024, farkonta a nan gida ta wayar hannu, sauran a birnin Kazan. Da an ba ni damar tsallake ta na karɓa, da yanzu ina gida an koro ni.

Bak seri C, wato jarrabawar kammala lise ta layin lissafi da fizik, na yi a 2023. Tun shigata lise na ƙudurta wutar lantarki zan karanta, domin kowane ɗan Maradi ya san wutarmu daga Katsina take zuwa, ta babban layin nan mai kilobolt 132 da ya biyo ta Gazawa, kuma ya san yadda gari ke komawa idan ta ɗauke cikin zafin Afrilu. Tela ya yi zaune, mai walda ya yi zaune, mai ƙanƙara ya kalli jarinsa yana narkewa.

Neman gurbin tun ina tarminal na fara shi, kafin ma a yi bak ɗin, da sakamakon zangunan da suka gabata. Gwamnatin Rasha na ware gurabe na kyauta ga ƴan ƙasashen waje, a 2023 adadinsu ya kai 30,000 na duniya baki ɗaya, ana raba su ƙasa-ƙasa. A shafin Education in Russia ake cike takardu. Za ka zaɓi fanni ɗaya, sannan ka jera jami'o'i har shida bisa son ranka, amma kada ka wuce biyu a Mosko, kada ka wuce biyu a San Fitasbag. Kowane fanni da lambarsa, nawa 13.03.02 ne, samar da lantarki da na'urorinsa. Wannan lamba ita ke yanke layin da za a sa ka a podfak, domin layi biyar ne: injiniyanci, kimiyya zalla, likitanci, tattalin arziki, sai na adabi da zamantakewa. Garin da za ka yi podfak ba kai ke zaɓa ba, ma'aikatarsu ta ilimi mai zurfi ke turawa. Akwai wanda ya yi shi a wani gari, jami'arsa kuma tana wani garin mai nisan kwana guda a jirgin ƙasa. Ni Allah ya haɗa min duka biyun a Kazan.

Baba ɗan kasuwar hatsi ne, ba ya shiga ciniki sai ya ga ƙarshensa. Da na kai masa maganar ya bari na gama, sannan ya ce, "To kyautar nan tasu, a ina ta tsaya?"

Na ce, "Kuɗin karatu, Baba, da ɗakin kwana a farashin ɗalibai, da ɗan abin sabulu kowane wata."

"Jirgi fa? Abinci fa? In ka kwanta ciwo fa?"

Na ce duk wannan namu ne. Ya yi shiru, ya ce in kira Kawu. Su biyun suka zauna da alƙalami suka lissafa shekara biyar, ɗaya ta share fage da huɗu na digiri, kafin Baba ya ce Allah ya sa albarka. Ina roƙon duk uban da ɗansa ya zo masa da wannan magana ya yi irin wannan zaman. Abin da ake ba ɗalibi a wata da ƙyar yake isar cefanen mako guda. Tun Maris na 2022 kuma katin Visa da Mastercard na waje ba sa aiki a Rasha, Western Union ma ta daina aiki can, don haka aiken kuɗi sai ta hannun mutum: a ba wani jikkuna a Yamai, ɗan'uwansa ya ba ka rubul a can. Sai ka nemi amintacce tun kafin ka tafi.

Takardu kuwa sun ci tafiya. Fasfo mai sauran tsawon rai, takardar bak da ta makin jarrabawa, takardar likita, da gwajin cutar sida wanda dole ne ga mai neman bizar karatu. Hatimin ma'aikatar harkokin waje sai Yamai, kilomita fiye da 600 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso. Sannan a fassara komai zuwa Rashanci. A nan a buɗe ido sosai, domin sunayenmu kowa yadda ya ga dama yake rubuta su, kuma in harafi ɗaya ya bambanta tsakanin fasfo da fassara da takardar gayyata, aiki ya koma baya. A lokacin Rasha ba ta da ofishin jakadanci a Yamai, na Bamako ne ke kula da Nijar.

Ana cikin haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli. CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Ɗan Isa, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a farkon Agusta, sararin samaniya ma aka rufe shi na wani lokaci. Takardar gayyata ta makara. Da Oktoba ya shigo sai makarantar ta aiko cewa waɗanda ba su iso ba su fara darasi ta intanet daga inda suke.

Agogon Kazan yana gaban namu da awa biyu. Darasin ƙarfe tara na can, ƙarfe bakwai ne a nan. Ina idar da sallar asuba sai in sha kokon da Inna ta dama, in hau kabu-kabu zuwa shagon Kawu kusa da babbar kasuwa, saboda shi ke da panno da batir. A ƙuryar shagon nake zama kan benci, in jingina wayar da buhun sukari, in sa abin kunne. Darasi ɗaya minti 90 ne, suna ce masa para, kuma a rana mukan yi uku. Malamar Rashanci dattijuwa ce, ba ta yarda a yi wani harshe ba tun makon farko. Takan matso da bakinta kusa da kyamara ta nuna yadda ake fitar da sauti, mu maimaita ɗaya bayan ɗaya: ɗan Masar, ƴan Angola biyu, ƴar Biyetnam, ɗan Siriya, da ni. Idan rezo ya yanke sai fuskarta ta daskare a tsakiyar kalma, in fita bakin titi ina ɗaga waya, masu amalanke na yi min sannu. Da yamma in rubuta aikin gida da hannu, in ɗauki hotonsa in tura, ta dawo min da shi ja-jawur da gyara. Yaron shagon Kawu har ya haddace ƙirgen Rashanci zuwa goma saboda yawan jina.

Haruffansu 33 ne, a mako biyu mutum zai iya karanta su. Rubutun hannu mai haɗe-haɗe ya fi wuya, kuma malamar ta matsa mana a kansa, domin da shi kowane malami ke rubutu a allo. Wahalar gaske tana cikin nahawu. Suna ɗaya yakan canza ƙarshensa ta fuska shida gwargwadon aikinsa a jimla, har lambobi ma canzawa suke yi. Amma mu ƴan Nijar muna da abin da ya taimake mu. Mun riga mun taɓa shiga aji muna ƴan shekara bakwai aka hau koya mana ƙirga da harshen da ba a yi a gidanmu, muka kuma tsira. Bakin Bahaushe ya saba da kaɗa harshe wajen faɗin r, kunnensa ya saba da bambanta namiji da mace a magana. Kalmomin kimiyya da dama kuma sun yi kama da na Faransanci, har waƙafin da ake sa wa a lamba mai ɓurɓushi iri ɗaya ne da namu.

A Disamba na sauka Kazan ta Istanbul. Ƙarfe uku da ƴan mintuna na yamma rana ta faɗi. Washegari ofishin ɗaliban waje ya karɓi fasfona don rajistar zama, wadda doka ta ce a yi cikin kwanakin aiki bakwai. Bayan nan akwai ɗaukar zanen yatsu da hoto da gwajin asibiti cikin kwana 90, da sayen inshorar lafiya, da sabunta biza, domin ta farko ta wata uku ce kawai. Kada mutum ya yi wasa da ko ɗaya cikinsu. Rigar sanyi da takalmi a can ake saye, wanda na taho da shi daga gida ko bakin ƙofa bai kai ni ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A layin injiniyanci ana yin Rashanci, lissafi, fizik da ilimin kwamfuta, mu an ƙara mana zanen injiniya. Lissafin daga ƙasa yake farawa: yadda ake faɗin lamba, yadda ake faɗin kashi biyu bisa uku, yadda ake cewa an ninka ko an raba. Ɗan Rasha shekara 11 yake yi a makaranta kafin jami'a, mu 13 muke yi. Wanda ya yi seri C ya riga ya wuce intagiral da lambobin kwamfileks, sai ga shi ana tambayarsa biyu a tara da uku. Nan ne raini ke shiga. Na ga samari masu ƙwaƙwalwa, wasunsu sun fi ni lissafi nesa ba kusa ba, da suka ce wannan wasan yara ne, suka koma barci da safe suna jiran a zo wurin da ya kai matsayinsu. Ranar da aka zo wurin, cikin Maris, malami yana bayanin deribe da Rashanci cikin sauri, ba su da ko kalma ɗaya da za su kama. Amsar tana kansu, amma ba sa gane tambayar, in sun gane kuma ba sa iya faɗin yadda suka yi. Biyu daga cikinsu ba su samu takardar kammalawa ba, gurbinsu ya tafi. Har yau abin yana yi min ciwo, domin ba rashin basira ya kayar da su ba.

Lissafin podfak an shirya shi ne don ka sake gina duk abin da ka sani, daga tushe, da sabon harshe, har ka iya faɗinsa da baki. Akwai ma darasi na musamman kan salon maganar kimiyya, inda ake koyon jimlolin da littattafai da malamai ke maimaitawa: kaza shi ake kira kaza, kaza ya dogara da kaza, in kaza ya ƙaru kaza zai ragu, daga nan muna iya cewa kaza. Da farko yana da gundura. Amma jimlolin nan ba su da yawa, kuma da su ake gina kowace lacca. Malamarmu takan karanta shafi guda da saurin malamin jami'a, mu kuma mu rubuta taƙaitawa da gajerun alamomi, sannan ta kira mutum ɗaya ya rufe kaye ya maimaita da bakinsa. Wannan horon ya fi komai amfani a gare ni.

Kuma kada ɗan seri C ya ɗauka babu abin da zai ƙara. Malaman can suna son a warware lissafi da hannu, babu kalkuleta, kuma suna da zurfi a turigonometiri da sarrafa dogayen jimlolin aljabara fiye da yadda muka saba. Malaminmu yakan tuna mana cewa Lobacebski, wanda ya buɗe sabon babi a jometiri, a garin nan ya shugabanci jami'a daga 1827 zuwa 1846.

Fizik ya zo min da abin da ban taɓa yi ba a lise, wato taɓa kayan gwaji da hannuna. A gida mun haddace dokoki, mun warware tambayoyi a allo, amma ɗakin gwaji sai labari. A can aka ba ni zare da ɗan ƙarfe da agogo, aka ce in auna ƙarfin jan ƙasa. Na auna sau da yawa, na samu lamba kusa da 9,8, na yi murna na kai wa malami. Bai dubi lambar ba. Ya tambaye ni kuskuren awona nawa ne, daga ina ya fito, daga agogo ne ko daga yatsana ko daga ma'aunin zaren, kuma me ya sa aka ce kada a ja ƙarfen da nisa kafin a sake shi. Kowane gwaji sai ka kare shi da baki kafin a sa maka hannu.

Zane kuwa shi ya fi cin dare. Takarda A3, fensir mai tauri da mai laushi, layin gefe milimita 20 daga hagu da 5 daga sauran ɓangarori, akwatin suna a ƙasa ta dama mai milimita 185 da 55, haruffa a karkace da digiri 75. Duk ƙa'idar ƙasarsu ce, GOST, kuma malami da ma'auni yake dubawa. A ba ka guntun ƙarfe mai rami ka zana shi ta gaba, ta sama, ta gefe, layin da ido ba ya gani ka yi shi tsinke-tsinke. Sai hannu ya faɗa sannan aka kai mu kan kwamfuta muka fara manhajar zane ta KOMPAS-3D. Ƴan'uwanmu da suka fito Lise Taknik Ɗan Kasawa su san suna da jari babba a nan, abin da ya hana ni barci su sun yi shi tun a gida. A darasin kwamfuta ma na sha wuya, domin kamar yawancinmu da waya na girma, yatsuna ba su san allon rubutu ba, ga shi kuma na Rashanci ne.

Zaman Kazan ya zo wa Musulmi da sauƙi. Babban birnin Tatarstan ne, masallatai ko'ina, daga na Marjani da aka gina tun ƙarni na 18 zuwa Kul Sharif da aka buɗe a 2005 cikin ganuwar gari. Naman halal ba a wahalar nemansa. A kicin ɗin ɗalibai da garin semolina muke tuƙa tuwo, kukar da Inna ta ƙulla min da daddawa da yaji suka kai ni har bazara. Azumin 2024 ya faɗo a Maris, tsawonsa kusa da na gida, ga shi babu ƙishirwa. Damuwar Inna ita ce yaƙin Yukren, kullum sai ta tambaya. Kazan na da nisa da fagen daga, amma a Disambar 2024 jirage marasa matuƙi sun faɗa kan wasu gine-gine a garin, kuma akan rufe filin jirgi lokaci-lokaci. Ina gaya wa kowane ƙane: bizar karatu ta karatu ce. Duk wanda ya zo maka da kwangilar aiki mai kuɗi masu yawa, ko takardar da ba ka karanta ka gane ba, kada ka sa hannu, ka kai ta ofishin ɗaliban waje tukuna.

Jarrabawar ƙarshe a Yuni aka yi. Makinsu daga 2 zuwa 5 ne, 2 faɗuwa ce. Ta fizik da baki ake yinta. An kife ƙananan takardu a kan tebur, suna ce musu bilet, kowa ya shiga ya zari ɗaya ya faɗi lambarta, a ba shi kamar rabin awa ya shirya, sannan ya zo ya zauna gaban malamai. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan zaman, lokacin da za ka durƙusa gaban malam ka biya karatunka, babu wanda zai ɗaga maka. Tawa ta fito da dokar Om ta cikakkiyar da'ira, da tambaya ɗaya ta lissafi. Na zana batir da juriyarsa ta ciki, na rubuta dokar, na faɗe ta jimla-jimla yadda aka hore mu. Malamin ya saurara, sai ya ajiye takardata gefe ya ce, me ya sa fitila ke dusashewa idan aka kunna babbar na'ura a layi ɗaya da ita? Nan take na tuna janareton unguwarmu, yadda ƙwai ke yin ja duk lokacin da mai walda ya ɗora sanda. Na ce masa na'urar tana jan wuta mai yawa, ƙarfin da ke zubewa a cikin janareto da wayoyi ya ƙaru, abin da ya rage wa fitila ya ragu. Na yi kuskuren nahawu, malamar Rashanci da ke gefe ta rubuta shi, amma shi ya gyaɗa kai ya sa min 5. A Rashanci 4 na samu.

Da takardar kammalawa aka rubuta sunana a aji ɗaya, na fara a farkon Satumba kamar kowa. Gaskiyar da zan faɗa ita ce, matakin harshen da ake fita da shi daga podfak, wanda ake kira B1, iyakarsa ya shigar da kai ɗakin lacca. Cikin ɗaki mai mutum sama da ɗari, malami ba ya rage gudu saboda baƙo. A watan farko abin da nake kamawa bai fi rabi ba. Abin da ya riƙe ni shi ne na san ƙashin bayan jimlolin, na san alamomin, hannuna ya saba da rubutun sauri, kuma ba na tsoron tsayawa gaban malami. Nakan zauna a layin gaba, in ɗauki hoton allo, in ari kayen shugabar ajinmu da daddare in cike gurbin da na bari.

Ba kowa zan ce ya bi wannan hanya ba. Wanda gidansu ba za su iya ɗaukar ciyarwar shekara biyar ba, kada a sayar da gona dominsa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan cikin gari da sashenta na fasaha, makarantar injiniyoyi ta EMIG tana Yamai, kuma injiniyoyi na ƙwarai na fitowa daga cikinsu. Wanda kuma ya samu gurbi, gida ya amince, to ya yi amfani da watannin jiran gayyata. Ya koyi haruffa da rubutun hannu da ƙirga tun a nan, ya nemi inda zai riƙa zama gaban kwamfuta ko awa ɗaya ce a rana, ya je wurin ɗan lise taknik ya nuna masa riƙon fensirin zane. Kuma ya sa kayensa na lissafi da fizik na tarminal a cikin jaka. Ni nawa na buɗe su kusan kowane dare, ina ɗora darasin Rashanci a gefen na Faransanci, shafi da shafi, har zuwa ƙarshen zangon farko na jami'a.